Makarantar Malama Bushiya

"Ku matso kusa da ni. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

A wani daji akwai Malama Bushiya, mai makaranta a gindin tsamiya. Jikinta duk ƙaya, amma yara rububin zama kusa da ita suke yi. Tana koya musu karatu da gaisuwa da gane ganye mai guba.

Dabbobin dajin nan kuwa duk damina sai su zaɓi sabon shugaba. Gizo ba ya takara. Duk wanda ya ci, shi ne farkon zuwa murna, sai a ba shi shugabancin kwamitin makaranta.

Da Zaki ya hau, Gizo ya zo da tsamin bakinsa: "Mayama, daga yau kowa ya koyi gurnani!" Yara suka yi ta yi har muryar ɗan zomo ta dishe. Malama ta dafa musu citta.

Da Mikiya ta hau, aka ce tashi sama. 'Ya'yan kunkuru suka yi ta faɗowa daga reshe. Malama ta gasa musu baya, ranta a ɓace.

Da Kada ya hau, Gizo ya ce makaranta ta koma cikin kogi. A bakin ruwa wani ɗan tsako ya riƙe ƙafarta.

"Malama, in na nutse, wa zai gaya wa Innata?"

"Ba mai nutsewa, ɗana."

Ta tara iyaye, suka je gaban Kada. Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, mun ji umarni. Amma shugaban kwamiti ya fara shiga, yara su gani."

"Gaskiyarki. Gizo, bismilla."

"Yanka ya daɗe, yau ba ni da yafiya..."

Kada ya ɗan zungure shi da wutsiya. Tsundum! Gizo ya yi ta shan ruwa yana ihu, sai Malama ce ta miƙa masa kara, ta lulluɓe shi da zanenta.

Jikin Kada ya yi sanyi. Ya ce, "Wallahi so na yi su ji daɗin da nake ji a ruwa. Ashe da na hallaka 'ya'yan jama'a. Daga yau malamai da iyaye su tsara karatu. Ni nawa kafa wa makaranta rumfa."

Aka koma gindin tsamiya, ɗan tsako na kan gaba.

Kun ji, jikokina: masu mulki zuwa suke su wuce, amma yaro sau ɗaya yake yarinta. Kada a juya masa karatu don faranta ran wanda ke kan kujera.

Ƙungurus kan ɗan kusu. A tashi haka, gobe da makaranta.