Wuƙar Sarkin Fawa Mato

Ku gyara zama, yau sai kun yi gardama har maƙoshi ya bushe!

A garin Kwarin Gawo an yi wani Sarkin Fawa, Mato, mai bugun ƙirji cewa namansa bai taɓa ɓata cikin kowa ba. Da 'yarsa Tabawa ta haihu, murna ta hana shi zama. Ya kada wani sa mai ƙiba kamar zai tsage, ya rarraba wa maƙwabta. Don ɗoki ko gasuwa bai bari hantar ta gama ba, ya miƙa wa mai jego da hannunsa.

Kafin suna gari ya rikice, amai da gudawa gida-gida. Wasu suka miƙe, amma Tabawa sai ƙasa take yi. A asibiti aka gwada wannan magani, aka gwada wancan, kamar ana zuba ruwa a kwando. Likita ya ce, "Baba, ƙwayar cutar nan ta saba da magungunanmu, ba ta jin su. In ban san daga inda ta fito ba, lalube nake cikin duhu."

Mato ya garzaya gida. Ya tara 'ya'yansa maza uku, ya zaro wuƙar da ya gada tun kaka da kakanni. "Duk wanda ya ceci ƙanwarku, wuƙar nan tasa ce, har da sarautar!"

Babbansu Barau ya san uban ya sa a binne ragowar naman a ɓoye don tsoron abin kunya. Bai binne ba. Ya sa guntun hantar cikin ƙanƙara ya kai ɗakin gwaji, sannan ya tsaya tsakiyar kasuwa yana shela: "Duk mai sauran namanmu ya zubar!" Mato ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma a hantar nan aka kama ƙwayar cutar, aka san ko wace ce.

Jatau kuwa, mai bi wa Barau, ya hau babur ya bi sawun san da aka yanka, daga dillali zuwa dillali, har turken da aka kiwata shi. Me zai gani? Tulin kwalaben allura! Ashe mai kiwon, da ciwo da ba ciwo, tsira wa dabba yake yi don ta yi ƙiba, har cutar da ke cikinta ta zama kangararriya. Jatau ya kwaso kwalaben a buhu ya zazzage gaban likita. Likita ya tafa hannu: "Shi ya sa! Duk waɗannan ta san su." Nan take ya aika birni a kawo maganin da ba ta taɓa haɗuwa da shi ba.

To, gwaji da aike ba sa jiran mai mutuwa. Jijiyar Tabawa ta ɓace, ƙarin ruwa ya gagara. Ƙaramin mazan, Nomau, wanda kowa ke kira sanyin ƙashi, ya zauna a gefenta da cokali yana ɗiga mata ruwan gishiri da sukari. Ta amayar, ya sake. Ta kau da kai, ya lallashe ta da kukan jaririnta. Likita ya ce ba don cokalin nan ba, da magani ya iso ya tarar da gado babu kowa.

Ranar da Tabawa ta tashi zaune ta ce a miƙo mata ɗanta, Mato ya yi kuka kamar yaro. Ya fito da wuƙa, ga 'ya'ya uku a durƙushe. Har yanzu yana jin zafin tonon sililin Barau, kuma ya san da an bi umarninsa da yanzu ana zaman makoki. Wuƙa ɗaya ce, ba ta rabuwa uku.

To jama'a, da mai hanta, da mai kwalabe, da mai cokali, wa Mato zai damƙa wa?