Muryar da Ta Tafi da Tsohuwar Kwamfuta

Akwai wani likitan haƙori mai hannu mai kyau, amma Allah ya zuba masa gaggawa. Ba ya bari mutum ya kai ƙarshen magana. Matarsa, wadda ita ce mai ɗaukar masa hoton haƙoran marasa lafiya, Sarkin Sauri take ce masa.

Tana da wata al'ada. In ta ɗauki hoto, sai ta naɗi muryarta a kwamfuta ta haɗa da shi. "Wannan dattijon yana tsoron allura, ka ja shi da hira." Wani lokaci har da dariyarta. Da ta rasu, muryar nan ce kaɗai ta rage masa. In kewa ta taso, yakan rufe ƙofa tsakanin mara lafiya da mara lafiya, ya buɗe hoton dattijon, ya ji ta tana dariya.

Kwamfutar ta tsufa, hoto sai ya ga dama yake buɗewa. Likita ya kira injiniya. Aka kawo sabuwar kwamfuta, aka ja sababbin wayoyi, aka haɗa ɗakunan duka, aka kafa na'urar hoto mai nuna har saiwar haƙori. Aikin ya ɗan ja, marasa lafiya suka taru, ran Likita ya ɓaci.

Rannan injiniya ya leƙo, ya tarar da shi da safar hannu.

"Likita, hotuna sun koma sabuwar kwamfuta, sai dai akwai..."

"Sun koma ko ba su koma ba?"

"Sun koma, amma..."

"To goge tsohuwar. Bayanan mutane ne a ciki, kuma mai kwashe ta yana jira."

Injiniya ya buɗe baki, Likita ya riga ya juya. Bawan Allah ya yi abin da aka ce.

Da aiki ya lafa, Likita ya rufe ƙofa, ya buɗe hoton dattijon. Hoto ya fito tar, bai taɓa ganin sa da kyau haka ba. Ya nemi wurin danna sauti, babu. Ya buɗe wani, ya buɗe wani, shiru.

Ya kira injiniya.

"Ai abin da nake son faɗa maka ke nan, Likita. Sabuwar manhajar ba ta ɗauki sauti ba. Da ka ba ni zuwa gobe, da na kwashe maka."

Har yau yakan buɗe hoton nan, ya zauna yana ƙoƙarin tuna yadda dariyar take farawa. Kullum ƙara nisa take yi masa. Yanzu kowa ya yi magana sai ya jira ya gama, amma wadda yake so ya saurara ba ta nan.

Darasin shi ne, in mutum ya ce maka "amma", tsaya ka ji sauran. Sauri yakan rage maka jiran wuni ɗaya, ya raba ka da abin da ba ya dawowa.