Rawar Ɗarin Ƙudan Zuma

Akwai wani mutum a ƙasar duwatsu, wansa ya rasu ya bar masa amya ɗaya, rataye a reshen ɗorawa a bayan gida. Shi bai iya kiwon zuma ba. Amma in ya ji kukan ƙudan, sai ya ji kamar wan nasa bai yi nisa ba.

Da ɗari ya tsananta, wata safiya ya fita ya tarar da shiru. Ba mai shiga amyar, ba mai fita. Ga 'yan ƙuda a ƙasa, sun sandare cikin raɓa. Ya ce a ransa, su ma sun bi wan nasa. Ya sauko da amyar, zai ɓalle murfin ya zubar da gawarwakin.

Mahaifiyarsa ta hango shi, ta ce, "Auta, me za ka yi?"

"Inna, sun mutu."

"Kai da ko wanka ka ƙi yi a ɗarin nan, su kake so su fito yawo? Ɗora kunnenka."

Ya ɗora. Ya ji ɗumi kaɗan, kamar na tukunyar da aka sauke tun ɗazu. Can ciki kuma wata ƙara siririya, ba ta yankewa.

Ta ce, "Yayanka ya ce in sanyi ya kama su, curewa suke yi wuri ɗaya, kowa yana rawar jiki. Rawar ce wutarsu. Na gefe in ya ƙage, sai ya kutsa tsakiya. Da ka buɗe, iska ce za ta ƙarasa su."

Ya mayar da amyar, ya lulluɓe ta da zana. Ya zauna a gindin ɗorawar ya yi kuka. Da hantsi ya dubi ludayi, ƙuda ɗaya ya leƙo, ya tashi.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗarin nan baƙin ciki ne, amyar kuwa jama'ar Ubangiji ce. Wani in aka yi masa rashi yakan yi shiru, addu'a ta ƙi fitowa, sai rawar jiki. Kada ku ce bangaskiyarsa ta mutu, kada ku ɓalle shi da tambayoyi. Ku matso kusa, ku zauna. Allah yana jin wannan rawar kamar yadda yake jin waƙa. In kuwa kai ne a gefe, sanyi ya ci ƙarfinka, ka matso tsakiya, ba kunya. Mu ma da ka tarar a ciki, rawar muke yi.