Ajiyar Malam Haladu Tela a Cikin Waya

To, ku jawo tabarmar nan cikin inuwa ku zauna, da sauran lokaci kafin magariba. Ga wata nan na kawo muku, sai dai wannan ba ta namun dawa ba ce, ta mutane ce irinmu. In na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, ni dai nawa faɗi ne.

A garin Misau an yi wani tela, Malam Haladu, wanda ya shekara arba'in yana ɗinkin manyan riguna a wani ɗan shago da ke jikin gidan da yake haya. Matarsa Inna Hansatu, 'ya'yansu uku, duk sun girma sun kama gabansu. Babbar ita ce Zulai, malamar firamare, tana aure a Darazo. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Mai bi mata Nafi'u, yana gyaran waya a Azare. Autansu Lawandi, shi kuma keke napep yake ja a nan cikin gari.

Inna Hansatu ta daɗe tana fama da ciwon zuciya, har ta kai in ta ɗebo ruwa daga rijiya sai ta huta sau biyu kafin ta isa madafa. Wani likita a Kano ya keɓe da Malam Haladu ya ce masa sai an yi mata aiki, ya kuma faɗa masa abin da aikin zai ci. Malam Haladu bai gaya mata ba, don ya san halinta, cewa za ta yi a bar kuɗin a yi wa yara wani abu. Sai wani mai kawo masa ɗinki ya buɗe masa asusu a irin bankunan nan da ba su da reshe a gari, komai nasu a cikin waya yake. Duk rigar da ya gama, sai ya cire na cefane ya tura sauran can. Shekara uku yana haka, ba wanda ya sani.

Zulai ce ta fara ganowa. Ta zo ganin gida, tabaran Malam ya karye, ya miƙa mata waya ta karanta masa saƙo, sai ta ga na shigar kuɗi ne. Ya ce ta rufa masa asiri, ta ce ta rufa. Amma akwai wata malama a makarantarsu da mijinta ya rasu, kowa ya san yana da ajiya a waya, har aka gama takaba ba a gano ko a wane banki take ba. Abin ya tsaya wa Zulai a rai. Ta durƙusa gefen keken ɗinki ta ce, "Baba, in Allah ya yi ikonsa yau, wa ya san da kuɗin nan? Ka bari mu rubuta."

Ya tsayar da keken ya dube ta. Ya ce, "Uwata, likkafani kika zo auna mini?"

Wata biyu ba ya ɗaukar wayarta. Ta zo gaisuwar Salla ya amsa a gajarce ya kau da kai, ita kuwa ta sake durƙusawa ta maimaita maganar. Inna Hansatu ta ja ta ɗaki tana ta faɗa, me ta yi wa babanta haka, Zulai ta sunkuyar da kai ta sha faɗan, ba ta faɗi dalili ba, don ta yi alkawari. Ita da take 'yar gaban goshinsa tun tana goye, ta koma Darazo tana kuka a mota. Sai ran nan Malam Haladu ya dawo daga jana'izar wani tela da shi Malam ya girme wa da shekara goma, ya kira ta ya ce, "Uwata, in za ki zo, ki taho da takarda da biro." Ta rubuta sunan bankin, da lambar asusun, da layin da aka buɗe shi da shi. Shi kuma ya ƙara da hannunsa a ƙasa, da ajami, cewa kuɗin nan na aikin zuciyar Hansatu ne. Liman ya sa hannu, ta ninke takardar ta adana.

Bayan wata takwas, ranar wata Juma'a da hantsi, Malam Haladu ya je tasha karɓar saƙon shadda, ya yanke jiki ya faɗi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka sa jana'iza bayan an sauko daga masallaci.

Zulai tana isowa ta kira 'yan'uwanta bayan ɗaki ta nuna musu takardar. Nafi'u ya karanta, sai ya tambaya ina wayar Baba. Aka duba aljihun rigarsa, aka tambayi waɗanda suka ɗauko shi, babu. Ya kira layin, ya shiga, aka katse. Ya sake kira, aka sake katsewa. Shi da yake sana'arsa ce, ya san duk wanda layin yake hannunsa shi za a turo wa lambar sirri, yini guda ya ishe shi ya kwashe komai. Ya kira kamfanin layin, suka ce tunda ba sunansa ba ne, sai ya zo babban ofishinsu na Bauchi da takardar asibiti da katin ɗan ƙasa na mamacin. Ga shi Juma'a ce, in aka tashi ƙarfe huɗu sai Litinin.

Ya shiga ɗakin da aka shimfiɗe mahaifinsa, ya ɗaga mayafin ya daɗe yana kallon fuskarsa, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ya fito ya hau babur ya nufi Bauchi. Mutane suna tururuwa zuwa gidan, shi yana fita daga gari. Lokacin da ake sa Malam Haladu a kabari, babban ɗansa namiji yana tsaye cikin layi a wani ofis, hawaye na zuba a kan takardun da ke hannunsa. Saura minti kaɗan a rufe aka toshe layin, daga nan ya samu bankin ta waya suka dakatar da asusun. Sun ce masa tun da azahar wani ya fara gwada cire ɗan abu kaɗan, kuma ya fita. Da ya dawo, kawunsa ya ƙi karɓar gaisuwarsa, ya ce a gaban jama'a ga ɗan da ya bar gawar ubansa ya tafi bin kuɗi. Nafi'u ya wuce ciki bai kare kansa ba, don Inna tana jin su daga ɗaki, ita kuwa har lokacin ba ta san da maganar aikin ba. Washegari da safe ya tafi maƙabarta shi kaɗai, sai da mai gadi ya nuna masa wurin.

To, kuɗi sun tsira, amma an kulle su, ba mai iya taɓawa. Bayan sadakar bakwai suka zauna suka gaya wa Inna komai. Ta rufe fuska da gefen hijabinta ta ce, "Ashe shi ya sa ya daina sayen tsire ran kasuwa, yana ce mini haƙori ne." Baƙin ciki ya ƙara mata ciwon, ƙafafunta suka kumbura. Da aka mai da ita Kano, likita ya ce in ba a yi aikin cikin wata biyu ba, to ba lallai jikinta ya iya ɗauka ba.

Suka je gaban alƙali. Ya karanta takardar ya ce dukiyar ta riga ta zama gado, ita matar tumunin takaba ne nata, wato kashi ɗaya cikin takwas, abin da marigayi ya rubuta ba zai zartu ba sai in magada sun yarda. Su ukun suka ce sun yarda, ba wanda ya ko dubi ɗan'uwansa kafin ya amsa. Aka ba Lawandi takardar wakilci, tunda shi ne mazaunin gari.

Nan nasa aikin ya fara. Ya tura wa bankin takardu, suka dawo da su, wai a asusu an rubuta Halidu Isa, a takardar mutuwa kuwa Haladu Isa. Ya koma kotu ya yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, ya nemo dattawa biyu suka shaida. Ya sake turawa, kullum amsar ɗaya ce, ana dubawa. Mako uku suka tafi a haka, ga maganin Inna ya ƙare. Ya tambaya aka ce bankin ofis ɗaya gare shi, a Legas. Lawandi bai taɓa wuce Kano ba, Turancinsa ma na ɗaukar fasinja ne. Kuma kun san shi, yaron da tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya sai da kekensa, abin da yake ci da iyalinsa da shi, ya sayi maganin wata guda ya ajiye wa Inna, ya riƙe sauran na mota. Matarsa Sahura tana da cikin fari, watan haihuwarta ya kama. Ya tsaya bakin ƙofa da jaka ya kasa fita. Ta ce, "Ka tafi mana. Ni ina da masu riƙe ni, Inna fa?"

Kwana goma sha tara ya yi a Legas. Yana kwana a masallacin 'yan arewa, da safe ya shiga mota biyu ya isa ofishin, a ce ya dawo gobe. Gobe ya dawo. Aka ce mai sa hannu ya yi tafiya, ya ce zai jira, ya nemi kujera ya zauna tun buɗewa har tashi. A rana ta tara Sahura ta sauka, kukan ɗansa ta waya ya fara ji yana tsaye a bakin titi, aka yi suna ba ya nan. Masu gadi har sun saba da shi suna ba shi ruwa. Akwai wata ma'aikaciya, dattijuwa, da kullum take wuce shi. Ran nan ta tsaya ta tambaye shi me yake nema haka. Bai iya dogon bayani ba, sai ya shimfiɗa mata takardar likita, ya ɗora hoton Inna a kai, ya nuna ranar da aka rubuta, ya ƙirga mata kwanakin da suka rage da yatsunsa. Ta karɓi takardun ta hau sama da su da kanta. Bayan kwana uku kuɗin suka fito.

Saura kwana shida wa'adin likita ya cika aka shiga da Inna Hansatu ɗakin aiki, tana cikin takabarta. Allah ya ba da sa'a. Yanzu haka tana nan da ranta, tana tafiya masallacin unguwa da ƙafarta ba ta tsaya hutawa.

Sai dai likita ya ce kada ta ƙara zama ita kaɗai, mai gidan hayar kuma ya ce yana son gidansa tunda ta fita takaba. Nafi'u ya gyara mata ɗaki a Azare. Lawandi, da yanzu keken wani yake ja, ya ce shi da Sahura za su koma ƙaramin ɗaki su bar mata babban. Kada kuma ku ce mini ai uwa ba ta zama gidan suruki, don mijin Zulai da kansa ya zo ya durƙusa, ya ce ya yanke mata sashe da ƙofarta daban. Kowa a cikinsu so yake ya riƙa buɗe ido da safe ya gaishe ta. Ta tara su ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Duk wanda na bi, biyu za su ga kamar nasu bai kai ba. Ni ba zan iya ba. Ku kai wa dattawa su zaɓa mini."

Ga shi kuwa an kawo mana. Ba don Zulai ta jure fushin mahaifinta ba, da ba wanda ya san inda ajiyar take. Ba don Nafi'u ya haƙura da raka shi makwancinsa ba, da kafin Litinin babu ko sisi. Ba don Lawandi ya rabu da kekensa ya je ya zauna a ƙofar mutane ba, da kuɗin suna nan a kulle har lokaci ya ƙure.

To, jama'a, a cikin su ukun nan, gidan wa ya fi cancanta Inna Hansatu ta koma?