Gyaran da Dila Ya Ba Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, mai jin barci ya wartsake!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne!

An yi wani Dila, shi kaɗai ke sai da kayan miya a garinsu. Kun dai san halin mai tebur in ba shi da na biyu. Yau albasa ta hau, gobe tumatir ya hau, in ka yi magana ya ce ƙara gaba. Gaba ina? Ai babu gaban.

To akwai Bushiya, 'yar firit haka, ga 'ya'ya reras, kullum miyarsu lami. Ran nan ta sayi albasa ta ce, "Malam Dila, gyara fa?"

Sai ya kwashi gindin albasar da ya yanke zai zubar, ya watsa mata. "Ga gyaranki, Hajiya mai ƙaya."

Aka kwashe da dariya. Ita ko ta duƙa ta tsince tas, ta ce, "Ka jefar, in dasa."

Ta samu fasasshiyar tukunya, ta cika da ƙasa da kashin awaki, ta aje inda take alwala. Ba a jima ba lawashi ya fito shar. Miya ta yi ƙamshi har kan titi.

Dila ya ji haushi, ya koma aske saiwar albasa kafin ya sayar. Da ta sake neman gyara, ya jefe ta da ruɓaɓɓen tumatir, ya fashe a bayanta, 'ya'yan tumatir ɗin suka maƙale a ƙayarta.

"Ka jefar, in dasa."

Ta je bayan ɗaki ta girgije. Tumatir ya tsiro.

Na uku, don wulaƙanci, karan na'ana'a ya miƙa mata, ya tsige ganyen kaf, ya ɗaure da igiyar dankali.

"Ka jefar, in dasa."

Ta dasa su duka biyun, suka kama. Daga nan fa ta daina zuwa teburinsa. Maƙwabta ma ta katanga take miƙa musu lawashi. Kai, Dila ya kasa zama. Ya fakaici ta tafi rijiya, ya shiga gidanta da adda, ya daddatse na'ana'a da igiyar dankali guntu-guntu, ya tumɓuke albasa, ya yi ta wurgi da su gidajen mutane, wai kowa ya ga ƙarshen taurin kai.

Ta dawo ta tarar da yara suna kuka. Ta duba, ta duba, sai ta fashe da dariya.

"Ku yi shiru, 'yan nan. Wannan bai taɓa riƙe fartanya ba. Ai iri ya raba mana."

Ta bi gida-gida. "Abin da ya faɗo muku kar ku share, ku cusa shi a ƙasa." Ga damina ta zauna. Kowane guntu ya yi saiwa, wallahi har na cikin kwata.

Ranar kasuwa Dila na zaune, kaya na ruɓewa, ƙuda ne kawai masu ciniki. Ya hango Bushiya za ta wuce.

"Hajiya Bushiya! Zo mana, yau har da gyara."

Ba ta ko tsaya ba. "Riƙe abinka, Malam. In yaranka na son lawashi, a turo su."

To kun ji. Abin da aka jefe ka da shi, duba ko yana da saiwa kafin ka yi kuka.

Ƙurunƙus kan gindin albasa, wanda ya tsinta ya dasa.