Gwanin Tsere da Ya Wuce Maƙwabcinsa

An yi wani mutum a Madina, jikan alhazan da suka zo daga ƙasar Hausa suka zauna. Da jigilar masu ziyara zuwa Masallacin Ƙiblatain ya fara tuƙi, har Allah ya buɗa masa ya shiga tseren motoci na cikin sahara. Shekara huɗu ba wanda ya sha gabansa. Ya gina gida a unguwar Bani Harisa, yana ciyar da baƙi, sallarsa a Harami. Mutum ne mai daɗin zama, wannan kam ba musu.

Tseren sahara, ya 'yan uwa, mutum biyu ne a mota: mai tuƙi da mai karanta masa hanya. Nasa mai karatun shi ne Maigandi, abokinsa tun ƙuruciya. Kuma direbobi suna da ƙa'ida: in ka ga motar abokin takara ta kife, sai ka tsaya.

A shekara ta biyar, sun wuce gonakin dabinon Badar ke nan, suka hango mota tayoyi sama. Ta Sabiru ce, maƙwabcin mutuminmu.

Maigandi ya ce, "Waggif, ɗan uwa, tsaya! Sabiru ne!"

Mutuminmu ya ce, "Na baya za su tsaya. Karanta mini hanya."

Na bayan ba su iso ba sai bayan awa guda. Sabiru ya rayu, amma an yanke masa ƙafa.

Mutuminmu ya ɗauki kofi. Maigandi ya naɗe taswira ya miƙa masa, ya ce, "Halas, shi ke nan. Ba na sake zama gefenka."

Wa zai zauna? Kowa ya san in motar mutuminmu ce ta kife, haka za a wuce shi. Ya nema har Jidda bai samu ba, kuma ba a barin mutum ɗaya ya shiga tsere. Ga lafiya, ga mota, ga gwaninta, duk suka tashi a banza.

Shi kuwa Sabiru ya buɗe garejin gyara, yana zaune da rufin asirinsa. Kullum sai ya dogaro sanda ya yi wa mutuminmu sallama da fara'a. Sallamar nan ita ta fi komai ƙona shi.

Ya 'yan uwa, minti nawa ne tsayawa? Ba sata ya yi ba, ba giya ya sha ba. Ɗan uwansa ya gani a ƙasa, ya ƙara taka mai.

Allah ya kiyaye mu da nasarar da za mu ji kunyar ta a gaban maƙwabci. Amin.