Manomin da Ya Ɓoye Ƙuduji a Gonarsa

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo, wanda dawarsa take ciyar da gidansa daga kaka zuwa kaka. Mutanen gari suna ganin girmansa. In dattawa suna so su tsawata wa malalacin saurayi, gonar mutumin nan suke nuna masa.

Wata damina yana cikin noma, sai ya ga wani ɗan tsiro a gindin dawa, can ƙarshen gona inda ƙasa ta gaji. Ya gane shi sarai. Ƙuduji ne, wanda wasu suke kira wuta-wuta, ciyawar da take kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa tana shanye abincinta. Ya tsaya da fartanya a hannu, ya ce a ransa ai tsiro kaɗan ne, ga rana ta yi zafi, zai dawo masa wani lokaci. Bai dawo ba sai da ƙudujin ya yi fure. Furen kuwa kyakkyawa ne, ja-ja mai ɗaukar ido, har mutumin ya tsaya yana kallonsa. Ya bar shi, har ƙudujin ya zubar da iri.

Da damina ta kewayo, ƙuduji ya cinye kusan rabin gonar. Kunya ta kama mutumin. Yaya za a ce shi, wanda ake misali da shi, gonarsa ta lalace? Sai ya shuka rama a bakin hanya don ta kare idon masu wucewa, yana kuma bi yana datse kan ciyawar inda za a iya hangowa. Saiwar dai tana nan tana aikinta. Matarsa Rahila ta tambaye shi abin da ya sa dawa ta tsumbure, ganyenta ya yi rawaya. Ya ce ƙarancin ruwa ne. Ba ta yarda ba, domin ruwan da ya sauka a gonarsu shi ya sauka a ta maƙwabta.

Kaka ta zo, rumbu bai yi ko rabi ba. Kafin bazara tuwon gidan ya fara raguwa. Wata rana da safe ya ga Rahila ta tura wa yara nata ɗumamen, ta ce ita ta ƙoshi, alhali ya san ba ta sa kome a bakinta ba. Abin ya soki zuciyarsa. Ya tashi ya tafi wurin Baba Jatau, wani dattijo maƙwabcinsa na gona, ya zauna a ƙasa ya faɗa masa kome, har da maganar ramar.

Dattijon ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce masa datse kai ba ya kashe ƙuduji, kuma wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sai an kira gayya.

Manomin ya ce, "Baba, in na kira gayya kowa zai gani."

Baba Jatau ya ce, "Za su gani, ɗana. Amma yaranka za su ci abinci."

Da ruwa ya sauka, ya bi gida gida ya kira mazan garin. Suka zo. Akwai waɗanda suka yi ƙus-ƙus, ya ji su, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aiki. Suka tumɓuke ƙudujin tun bai yi fure ba, suka tara shi suka ƙone. Suka kai taki a kan jakuna, gama ciyawar nan a gajiyayyar ƙasa take samun ƙarfi. Ƙudujin bai ƙare a shekarar ba, domin irinsa yakan daɗe a ƙasa yana jira. Amma mutumin ya koyi zagaya gonarsa kowace safiya, duk tsiron da ya leƙo ya cire shi nan take. A hankali rumbunsa ya sake cika.

To, 'yan'uwana maza, ga abin da misalin nan yake koya mana. Gonar ita ce zuciyar mutum, ƙudujin kuwa zunubin da muke cewa ƙarami ne. Shaiɗan ba ya zuwa da fuska mai ban tsoro. Yakan zo da kallo ɗaya ga matar da ba taka ba, da hoton da ka buɗe a waya, da kofin giya ɗaya a wurin da ka yi alkawari ba za ka koma ba. Mu kuwa mun iya shuka rama. Muna sa farar riga ranar Lahadi, muna rera waƙa da ƙarfi, saiwar tana cin mu a ɓoye. Waɗanda suke fara jin yunwar kuma su ne matanmu da 'ya'yanmu.

Yaƙi ne, kuma ba da ƙarfin damtse ake yinsa ba. Yesu ya riga ya ci nasara a kan Mugun, ya kuma ba mu Ruhu Mai Tsarki ya taimake mu. Namu shi ne mu ciyar da zuciya da Maganar Allah da addu'a har jaraba ta rasa wurin kamawa, mu kuma ƙi ta tun tana tsiro. In ta riga ta yi ƙarfi, kada ka yi yaƙin kai kaɗai. Nemi ɗan'uwa amintacce a cikin ikilisiya, ka faɗa masa gaskiya, ku durƙusa tare.

Na san akwai mutum a nan wanda, tun da na fara magana, zuciyarsa ta gaya masa sunan abin da yake ɓoyewa. Ɗan'uwa, dattawan ikilisiya suna nan bayan an tashi sujada. Kada ka wuce gida tukuna.